Yadda ake kulle hanyar sadarwa mara igiya a cikin gida

Ɗan ƙaramin akwatin nan da ake sanya wa layin wayar salula ya riƙa raba intanet ba tare da igiya ba, ya daina zama kayan ofis kawai a arewacin Najeriya. A garuruwan Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi, da ƙauyukan da ke kewaye da su kamar Jiga Makera, akan same shi a ɗakin ɗalibi, da shagon buga takardu, da kuma gidan ɗan kasuwa mai aika albasa kudancin ƙasar.

Da shi ne ake haɗa kwamfutar maigida da ta 'ya'yansa, da wayoyin mutanen gida, har ma da na'urar buga takardu, su riƙa musayar bayanai a tsakaninsu. Wannan tsari shi ake kira Wi-Fi, akwatin kuma ana ce masa rauta, ko MiFi idan ƙarami ne mai shiga aljihu.

Sai dai kuma saƙon da akwatin ke watsawa a iska yake tafiya kamar na rediyo, bai san iyakar gida ba. Yakan ƙetare katanga ya kai zauren maƙwabci da bakin titi. Duk wanda ke kusa zai iya kama shi, kuma abin da kawai zai hana shi shiga shi ne irin kullen da mai akwatin ya yi.

Me mutum zai rasa?

Asarar da aka fi saurin lura da ita ita ce ta data. Mutum ya sayi ta wata guda, kafin mako biyu ta ƙare, alhali bai san inda ta tafi ba. Galibi kamfanin waya ake ɗora wa laifi, to amma wani lokacin wasu wayoyi ne da mai gida bai san da su ba suke kallon bidiyo a kan kuɗinsa.

Asara ta biyu ta fi wannan nauyi. Wanda ya shiga hanyar sadarwar gida ya zama tamkar ɗan gida a wurin kwamfutocin da ke kanta. Idan akwai wadda aka buɗe ma'ajiyarta domin sauran su riƙa ɗaukar abubuwa, to shi ma zai iya gani: hotunan iyali, da lissafin ciniki, da kwafin takardun shaida. Ga ɗalibai kuwa, musamman tun da gwamnatin jihar ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a shekara ta 2006, har da kundin bincike na kammala karatu wanda aka shafe watanni ana rubutawa.

Ta uku kuma ita ce wadda mutane ba su cika tunawa da ita ba. A wannan yanki intanet ɗin gida galibi ta layin wayar salula take shigowa, kuma tun daga watan Disamba na 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ma'ana, duk abin da aka aikata ta akwatin, ko damfara ce ko saƙon barazana, sawun farko da masu bincike za su bi zai kai su ne ga wanda sunansa ke kan layin.

An ga misalin hakan a ƙasar Indiya. A ranar 26 ga watan Yuli na 2008, 'yan mintoci kafin bama-bamai su tashi a birnin Ahmedabad, an aika wa kafofin watsa labarai saƙon imel na ɗaukar alhakin harin. Da 'yan sanda suka bi diddigi sai suka tarar an aika shi ne ta Wi-Fi ɗin wani Ba'amurke mazaunin kusa da Mumbai, wanda ba a kulle ba. Mutumin ya sha tambayoyi kafin a sallame shi.

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Najeriya ta shekara ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutse cikin kwamfutar wani da kuma satar sauraren saƙonninsa. Amma doka bayan an yi ɓarna take aiki.

Yadda makullin ya samo asali

Akwatin raba intanet yana dagula kowane saƙo kafin ya sake shi a iska, ta yadda sai na'urar da ke da kalmar sirri ce kaɗai za ta iya warware shi. Hanyoyin dagulawar suna da sunaye, kuma yana da muhimmanci mai gida ya san su, domin zai gan su a cikin akwatinsa.

Na farko shi ne WEP, wanda ya zo tare da ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997. A shekara ta 2001, wadda a cikinta ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Najeriya, wasu masana lissafi uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna cewa wanda ya tattara isassun saƙonni daga iska zai iya gano mabuɗin. Zuwa 2007 masu bincike a jami'ar Darmstadt ta ƙasar Jamus sun nuna ana iya yin hakan cikin ƙasa da minti ɗaya.

A wannan shekarar ce kuma kamfanin kantuna na TJX a Amurka ya bayyana cewa an sace masa bayanan katunan banki sama da miliyan 45. Ɓarayin sun shiga ne ta Wi-Fi ɗin kantunansa da ke amfani da WEP, ba tare da sun taka cikin kanti ba. A 2010 kotu ta yanke wa jagoransu, Albert Gonzalez, hukuncin ɗaurin shekaru 20.

An fito da WPA a 2003 a matsayin faci na wucin gadi, sai WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Abin da ya kamata mai gida ya zaɓa shi ne WPA3 idan akwatin da na'urorinsa sun san shi, in ba haka ba WPA2 tare da AES. Akwatin da WEP kaɗai ya iya, kamar yadda akan samu a tsofaffin kayan da ake shigowa da su na hannu, lokacinsa ya wuce.

Mabuɗai biyu ne, ba ɗaya ba

A nan ne mutane da dama kan ruɗe. Kowane akwati yana da kalmomin sirri guda biyu. Ɗaya ita ce wadda ake sanya wa a waya ko kwamfuta domin a hau Wi-Fi. Ɗayar kuma ita ce ta shiga cikin akwatin kansa, inda ake sarrafa komai.

Ana isa wurin ne ta hanyar buɗe burauza a na'urar da ke haɗe da akwatin, a rubuta adireshinsa. Akan buga adireshin a takardar da ke manne a ƙasansa ko a ƙarƙashin batirinsa, kuma yawanci 192.168.0.1 ne, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na'urorin Huawei da dama. Akwatuna masu yawa suna fitowa daga masana'anta da suna da kalmar sirri iri ɗaya, wato admin, kuma jerin waɗannan kalmomi yana nan a intanet kowa na iya dubawa.

Wanda ya shiga wannan ɗaki zai iya karanta kalmar sirrin Wi-Fi, ya sauya ta, ya kori mai akwatin daga kayansa. Zai kuma iya abin da ya fi haka muni. Akwatin ne ke nuna wa kwamfuta hanya duk lokacin da aka rubuta sunan wani shafi, don haka ana iya juya shi ya riƙa kai mutum shafin banki na jabu. A shekara ta 2018 masu bincike sun gano akwatuna kimanin 100,000, akasarinsu a ƙasar Brazil, da aka yi wa irin wannan juyi.

Kafin nan, a 2016, wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta mamaye dubun dubatar akwatunan intanet da kyamarorin tsaro a faɗin duniya. Ba wata dabara mai zurfi ta yi ba, kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta kawai take gwadawa ɗaya bayan ɗaya. An yi amfani da na'urorin da ta kama wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba na shekarar. Wani nau'inta kuma aka juya shi kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, abin da ya jefa intanet ɗin ƙasar cikin matsala. A watan Janairu na 2019 wata kotu a London ta ɗaure ɗan Birtaniyan da ya kai harin, Daniel Kaye, na tsawon watanni 32. Masu na'urorin da aka yi aikin da su ba su ma san ana yi ba.

Saboda irin wannan ne Birtaniya ta hana sayar da na'urorin intanet masu ɗauke da kalmar sirri ta kowa da kowa, daga watan Afrilu na 2024. Mai saye a kasuwar Jega ko Birnin Kebbi kuwa, shi zai yi wa kansa wannan aiki, kuma ranar da aka kunna akwatin ya kamata a yi shi.

Lambar waya ba kalmar sirri ba ce

Kalmar sirrin Wi-Fi tana ɗaukar haruffa daga 8 zuwa 63. Da yake lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma tana da sauƙin tunawa, mutane da yawa ita suke sanyawa. Matsala ta farko a fili take: duk wanda ya taɓa kiran maigida ya san ta, a shago ma tana rubuce a jikin allo.

Matsala ta biyu ta lissafi ce. Alƙaluma huɗun farko, irin su 0803 ko 0806, sanannu ne. Saura bakwai ke nan, wato lambobi miliyan 10 a ƙarƙashin kowane mafari. Mai kutse ba ya bukatar ya tsaya a ƙofar gida yana gwadawa. Zai kama ɗan saƙon gaisuwar da waya da akwati ke yi wa juna lokacin haɗuwa, ya tafi da shi gida, ya bar kwamfuta mai ƙarfi ta riƙa gwada dubban ɗaruruwa a kowace daƙiƙa.

A 2021 wani mai bincike na kamfanin CyberArk, Ido Hoorvitch, ya zagaya unguwannin birnin Tel Aviv da kayan aiki masu araha, ya tattara samfurin Wi-Fi 5,000, ya kuma buɗe sama da kashi 70 cikin 100 nasu. Mafi yawan waɗanda ya buɗe lambar wayar masu su ce kalmar sirrinsu.

Sunan ɗa ko na gari tare da shekarar haihuwa ma bai fi haka ba. Abin da ke aiki shi ne tsawo. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar waɗanda babu dangantaka a tsakaninsu, a sarƙa su da lambobi, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi wuyar fasawa, sun kuma fi sauƙin tunawa. Sai dai kada su kasance karin magana ko wata jimla da kowa ya haddace. Rubuta ta a takarda a adana inda ake adana takardun gida ba laifi ba ne, domin mai kutse daga waje ba ya ganin cikin adaka.

Shi ma sunan Wi-Fi ɗin, wanda kowa ke gani a wayarsa, gara a sauya shi. Na masana'anta yakan tona irin akwatin, sunan maigida kuma yana nuna gidan.

Zaure da cikin gida

Duk abin da aka faɗa a baya yana magana ne kan baƙon da ba a sani ba. Amma a gari kamar Jiga Makera, inda kusan kowa ɗan uwan kowa ne, ba ta fasawa kalmar sirri ta fi fita ba. Ba da ita ake yi.

Ɗan ƙane ya zo yana son duba sakamakon jarrabawa, maƙwabci na son tura saƙo, abokin ɗa ya zo hira. Hana su abu ne mai wuya, a al'adance ma ana iya ɗaukarsa rowa. To amma tun daga Android 10 da aka fitar a 2019, wayar da ta hau Wi-Fi tana iya nuna kalmar sirrin a matsayin hoton lambar QR, wani ya ɗauka da kyamararsa ya hau nan take. Ko da maigida da hannunsa ya rubuta ta a wayar baƙo ba tare da ya furta ba, ta riga ta fita. Daga mutum ɗaya sai ta kai ga majalisa guda.

Maganin wannan yana cikin tsarin ginin gidan Bahaushe. Baƙo ana karɓarsa a zaure, a ba shi ruwa da tabarma, amma ba ya wucewa cikin gida. Akwatuna da yawa suna da irin wannan zaure, wato Wi-Fi na biyu na baƙi, wanda a cikin jerin saituna ake rubuta shi da kalmar Guest. Yana da nasa suna da tasa kalmar sirri. Wanda ya hau shi zai samu intanet, amma ba zai ga kwamfutocin gida ba, muddin ba a kunna zaɓin da ke ba baƙi damar shiga hanyar cikin gida ba. Wasu akwatunan ma suna ba da damar a ƙayyade gudun intanet ɗin baƙi, ko lokacin da zai rufe kansa.

Da wannan, kalmar zaure ana iya sauya ta duk mako ko duk wata ba tare da an taɓa na'urorin gida ba, ta cikin gida kuma ba ta fita ko sau ɗaya. Ga mai shagon buga takardu ko wurin yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, inda kwamfutoci ke cike da hotuna da lambobin shaidar mutane, rabuwar ta zama wajibi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Ƙananan MiFi da dama ba su da wannan zaure. Mai irinsu sai ya dogara da abubuwa biyu: ya rage adadin na'urorin da akwatin zai karɓa a lokaci guda zuwa daidai na gidansa, ya kuma riƙa leƙa jerin waɗanda ke haɗe. Idan na'urorin gida biyar ne ya ga takwas, lokacin sauya kalmar sirri ya yi.

Akwai dabaru biyu da ake yawan ba da shawararsu, wato ɓoye sunan Wi-Fi da kuma tace na'urori ta lambar shaidarsu ta MAC. Suna iya hana yaron maƙwabta, amma ba sa tsayar da wanda ya san aiki, kuma wayoyin zamani kan sauya wannan lamba da kansu, abin da ke sa tacewar ta zame wa mai gida wahala.

Haɗa kwamfutocin da juna

Bayan an kulle akwati sai a koma kan kwamfutocin. A Windows, duk Wi-Fi ɗin da aka hau ana ba shi ɗaya daga cikin matsayi biyu, na gida wanda aka rubuta Private, ko na bainar jama'a wanda aka rubuta Public. A matsayi na farko kwamfuta kan bayyana kanta ga sauran, a na biyu kuma takan ɓuya. Na gida kaɗai ya cancanci matsayin farko. Ɗalibin da ke ɗaukar kwamfutarsa zuwa makaranta ko otal ya tabbata can ɗin a matsayi na biyu yake.

Wajen raba fayil, a ware jaka guda ɗaya a sanya abin da ake son kowa ya gani, maimakon a buɗe ma'ajiyar kwamfutar baki ɗaya. A bar tsarin neman suna da kalmar sirri a kunne, a kuma ba da izinin karantawa kawai ga wanda ba ya bukatar gyara ko gogewa.

Tsohuwar kwamfuta ita ce ƙofar baya. A watan Mayu na 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150 ta hanyar wani rauni a tsohon tsarin raba fayil na Windows, tana tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran watanni biyu kafin nan, waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci. Kamfanin ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairu na 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutar da ba ta samun gyara, in dole ne a yi aiki da ita, gara a ajiye ta a Wi-Fi ɗin baƙi, nesa da sauran.

Tsadar data na sa mutane da yawa kashe sabuntawar gaba ɗaya. Ana iya fahimtar dalilin, amma jinkirta ta zuwa lokacin da ake da datar dare mai rahusa ya fi kashewa.

Maɓallai biyu a jikin akwatin

Akwai wani maɓalli mai suna WPS da aka ƙirƙiro domin a haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Tare da shi akwai wata lamba mai alƙaluma 8. A watan Disamba na 2011 wani mai bincike ɗan ƙasar Austriya, Stefan Viehböck, ya nuna cewa akwatin yana tantance rabin lambar daban da ɗaya rabin, abin da ya rage gwajin da ake bukata zuwa kusan 11,000 kacal. Wanda ya samu lambar ya samu kalmar sirrin, komai tsawonta. Kashe WPS daga cikin saituna shi ne mafi alheri, haka ma zaɓin sarrafa akwatin daga nesa.

Shi kansa akwatin yana da manhajar da ke bukatar sabuntawa. Lokacin da Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam ya bayyana wani rauni a WPA2 a watan Oktoba na 2017, ta hanyar sabunta wayoyi da kwamfutoci da akwatuna aka toshe shi. Akwatin da masana'antarsa ta daina aiko masa da gyara ya kusa ritaya ko da fitilunsa na ci.

Maɓalli na biyu ɗan rami ne da ake dannawa da tsinke, mai mayar da akwati yadda ya fito daga masana'anta. Idan intanet ta ƙi aiki, ko aka kai akwatin wurin mai gyara, sau da yawa shi ake fara dannawa. Daga wannan lokacin duk saitin da aka yi ya goge: kalmar shiga ta koma ta masana'anta, ta Wi-Fi ta koma wadda ke rubuce a jikin takarda, zauren baƙi kuma ya rufe. Ɗaukewar wutar lantarki ko ƙarewar batirin sola ba sa goge saiti, amma wannan maɓalli yana gogewa. Don haka akwatin da ya dawo daga gyara a sake bin sa daga farko, wanda kuma za a sayar ko a bayar kyauta a cire layin da ke cikinsa, sannan a danna ramin kafin ya bar gidan.